Hannun Eskil

Littafin talla ya zo ranar Talata,
cikin akwatin wasiƙun da ƙanƙara ta binne har wuya.
Na busar da shi a bakin murhu, na buɗe shafi na talatin:
mataki na biyar, littattafai goma sha biyu,
sakin layi kullum, insha'i duk Juma'a.
A ƙasa, da ƙananan haruffa, tambaya guda:
shin ɗanki ya isa?

Ni ce malama, ni ce shugabar makaranta,
ni ce mai ƙararrawa, ni ce mai suyar ƙwai.
Nan Dakota ta Arewa, mil sha tara daga kanti mafi kusa,
ba wanda zan tambaya sai tukunyar gahawa,
ita kuwa ba ta iya komai ba sai huci.

Sai na raba takarda biyu a teburin cin abinci.
Na ce, ku rubuta mini abin da muka karanta jiya,
labarin jirgin ruwan da ya maƙale a ƙanƙara.

Runa, 'yar sha ɗaya, ta sunkuya.
Alƙalaminta na gudu kamar ruwa a gangara.
Shafi guda, shafi da rabi,
haruffa a jere kamar haƙoran mataji.
Na karanta, na sake karantawa:
duk maganar mai littafin ce ta dawo gida,
ba a canja mata ko riga ba.
Na nemi Runa a ciki, ban gan ta ba.

Eskil kuwa, ɗan tara,
mai cinye littafi mai kaurin bulo a dare biyu
da tocila ƙarƙashin bargo,
ya riƙe fensir kamar an miƙa masa kunama.
Layi uku. Ya goge na ukun har takarda ta huje.
Ya yarfe hannu, ya ce, Mama,
kaina ya riga ya kai ƙarshen labari,
hannuna ko ƙofa bai fita ba.

Na yanke hukunci: ita ta isa, shi da saura.
Na rubuta kwali ɗaya a takardar oda.

Da asuba Torvald ya tashe ni, tunkiya na naƙuda.
Na shiga ɗakin tumaki da fitila,
numfashina na fita kamar hayaƙi.
Can bayan buhunan dusa, a jikin katako,
haske ya faɗi kan rubutu.
Fensirin kafinta, haruffa na tangaɗi
kamar ɗan rago a tsayuwarsa ta farko:

Sha biyu ga Fabrairu. Mai Baƙin Kunne ta haifi biyu.
Ta ƙi ƙaramin. Ina ga ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne.
Sha huɗu. Na shafa masa warin ɗan'uwansa.
Sha biyar. Ta bar shi ya sha.

Haka har ƙasa, har sai da na durƙusa,
katako uku, kwana ashirin da shida.
Kurakuran haruffa sun fi a ƙirga,
amma kowane layi nasa ne, kamar tabon goshinsa.
Na daɗe a wurin. Tunkiya ta haihu ba da ni ba.

To, da wane mudu zan auna?
Mai littafin talla bai san garkenmu ba.

Na tura takardar oda ƙarƙashin cokula.
Sannu ba ta hana zuwa.
Na ba Eskil tsohon littafin lissafin gonar kakansa,
mai layuka masu faɗi:
layi biyar kullum da hannunka,
sauran ka faɗa da baki, ni in rubuta.

Runa kuwa na rufe mata littafi, na zaunar da ita a taga.
Me kike gani?
Ta yi shiru, gindin fensir a baki.
Karon farko da na ga ta rasa abin rubutawa,
na ji daɗi har kunya ta kama ni.
Can da la'asar ta miƙo layi ɗaya tak:
Ƙanƙara ba fara ba ce da yamma, shuɗiya ce.

Kwali na biyar zai jira narkewar ƙanƙara.
Jiya Eskil ya tambaya, yana kallon takalminsa,
ko za a yi wa ɗakin tumaki fenti bana.
Na ce a'a.