Ragon da Ya Ƙetare Teku

Wata goma sha huɗu na yi ina kiwon rago ɗaya
a cikin kwamfuta, a wani ɗaki a Agege
mai yoyo daidai saitin matashin kaina.
Rago ne da ya tsinke igiya a Alaba Rago,
yana ratsa danfo da masu tallan burodi.
In ka danna da wuri, ya tsallake kwata,
in ka makara, mahauci ya cafke shi.
Wasan ke nan. Ban ce ya fi haka ba.

Daren da na gama, na kashe janareto,
na ce gobe duniya za ta saya.

Da safe Barista Mansura, 'yar mai gidanmu,
ta zo karɓar cajar da na ara.
Ta tsaya a bayana, ta yi dariya sau biyu,
sannan ta ce, "Gogen nan da ke tashi in rago ya faɗi,
na wane ne?"

Na ce na Ɗan Tsoho ne, na bakin tashar jirgi,
na ɗauka da waya, na ba shi na shayi.
Ta ce, "Shayi ba sa hannu ba ne."

"Zanen fa?"
Na ce Kolawole ne, tare muka yi sakandare,
ko kwanon abinci ba mu rabawa.
Ta ce, "Sabo da kaza ba ya hana yanka.
Ku rubuta yanzu, tun babu abin rabo."

Ta sa na buɗe shafuka arba'in ɗin nan
da na danna wa "na yarda" ina cin gyaɗa.
Ashe na amince, in rigima ta tashi,
a yi shari'a a garin da ban san sanyinsa ba,
ni da ko Kwatano ban taɓa zuwa ba.
Ashe kasuwar za ta yanki nata,
wata gwamnati ta yanki haraji
kafin dalar ta ji ƙamshin Legas,
sannan tamu ta gida ta miƙo hannu.

Wuƙar mahaucin nan, in ji ta,
da ɗigon jan da na ƙara don ado,
su ne za a auna a faɗi shekarun mai wasa.
Sunan yaron da ya shiga, da adireshinsa,
amana ce, wasu ƙasashen har tara suke ci.
Wanda ya saya ya ce bai gamsu ba, mayar masa:
kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.
Sunan wasan ma a bincika,
kada wani ya riga ni rajista a bayan teku.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.
Rago na gina, ba kotu ba.

Ranar Laraba muka sami Ɗan Tsoho
yana shafa wa izga ƙaro.
Mansura ta karanta masa da Hausa, layi-layi.
Bai tambayi kuɗi da fari ba.
Ya ce, "Su wa za su ji?"
Na ce wataƙila wani yaro a ƙarshen duniya.
Ya yi shiru har jirgin Ijoko ya wuce,
ya ce a rubuta sunansa daidai,
a ƙara da na babansa, shi ya ɗaura gogen.
Ya dangwala babban yatsa.

Mako shida ragona ya ƙara a turke.

Jiya da asuba, mutum ɗaya ya saya,
daga ƙasar da sai da na duba taswira.
Dala biyu, kafin yanke-yanke.
Na ɗauko biro na raba saura gida uku,
na ɗauki hoton lissafin na tura wa Kolawole.
Ya amso: "Nawa bai kai kuɗin okada ba."
Na ce amma a rubuce yake.