Bashin Rami

Bayan Ƙofar Kuyambana gidanmu yake,
kududdufi ya kewaye shi kamar awarwaro.

Goggo Kuluwa ta ce ba ruwa ne ya fara zuwa ba,
rami ne.
Nan Barau magini ya haƙi jar ƙasa,
ya cuɗa da ƙafa, ya mulmula tubali,
shekara bakwai yana ɗorawa.
Iyakar tsayin katanga, iyakar zurfin rami.
Damina ta zo ta cike gurbin.

Gada ɗaya ce, azara uku a jere,
da magariba a janye ta ciki.
Mahara sun taɓa tsayawa a gaɓa, in ji ta,
suka ga zankwaye cikin ruwa, kai a ƙasa,
suka juya.
Goggo dai takan ƙara gishiri.

Abin da na sani shi ne zauren:
bakan gizo huɗu sun haɗu a tsakiya,
tasar tagulla a maƙale a mahaɗarsu,
jemagu na kwana gefenta.
A bangon gabas, cikin makuba,
akwai shatin yatsun Barau.
Nawa ba su cika shi ba.

Bara indararo ya karye.
Babu wanda ya hau yin yaɓe,
masu hawan suna Kaduna, suna Legas.
Tsakiyar damina soron kudu ya durƙusa,
ya sulale cikin ruwa.

Da safe na tsaya kan simintin da ya gaji azara.
Ruwan ya yi ja.
Rami ne ke karɓar bashinsa,
tubali bayan tubali,
ba ya gaggawa.