Ƙaro, Ba Karo Ba

Da rana ni mai gyaran rediyo ne a Yelwa,
dalma a farce, hayaƙi a ido.
Sai an yi isha, Garwa ta ɗan huce,
Dudu ta gama hira da ƙanwarta,
in zare igiyar waya daga bango
in soka wa tsohuwar kwamfutata.
Daga nan har asuba layin ba namu ba ne.

In modam ya yi kukan nan nasa,
kamar gyare ya faɗa tukunyar ƙarfe,
na san wani ya shigo.
Mu goma sha tara ne a littafina.
Akwai Hamajoda na kamfanin auduga,
da Palai likitan shanu daga Kaile,
da wata malamar lissafi a Marwa
da ba ta taɓa faɗin sunanta ba,
sai Tanimu, mai fataucin ƙaro har Cadi.
Kowa ya ajiye wasiƙa, ya ɗauki tasa, ya fita.
Layi ɗaya ne, ana bin juna kamar a bakin famfo.

Ba wanda ya sa ni. Ko dala ba na samu.
Takardar kuɗin waya kuwa, Dudu ke fara gani.

Manhaja biyu na samu ta raba wasiƙu.
Ta farko direban tirela ya kawo daga Duwala,
faifai huɗu cikin ambulan,
mai launi, mai fara'a, tana gaisuwa da Faransanci.
Na so ta, ba zan ɓoye ba.
Amma 'yar alamar nan da muke ɗora wa harafi
don ya zama namu,
datti ta ɗauke ta, sai ta share.

Wata Talata Tanimu ya rubuto daga Bongor:
"Mun samu ƙaro a hanya, ka gaya wa Inna."
Karo na gani a allona.
Na hau keke cikin dare na gaya wa Inna.
Tsohuwar ta zauna a ƙasa, ba ta ce uffan ba
har rana ta haska gadar Binuwai.
Kwana biyu sai ga shi, ko ƙwarzane babu,
buhu goma sha biyu a bayan mota,
yana tambayar me ya tara mutane a ƙofar gidansu.

Ta biyu faifai ɗaya ce tak,
wani ɗalibi ya bar mini da zai koma Ngaundare.
Baƙin allo, farin rubutu, ba sallama.
An kwafi littafinta har wasu shafuka sun dushe.
Sati uku ina fama, ina kuskure, tana shiru.
Amma in wutar Lagdo ta ɗauke a tsakiyar saƙo
ba ta zubar da abin da ta ɗebo,
daga inda ta tsaya take tashi.
Tana ɗaure wasiƙun nesa ƙunshi ɗaya
ta jira ƙarfe uku, lokacin da waya ke araha.
Harafi kuma, yadda ka ba ta haka take miƙawa.

Hamajoda ya yi ƙorafi, wai launi ya tafi.
Malamar Marwa ta rubuto kalma ɗaya: madalla.
Palai bai ma lura ba.

Faifai huɗun nan suna gwangwanin kusoshi.
Tanimu har yau in ya leƙo shago
sai ya ce, "Mai gyara, yau wa ka kashe?"
Inna kuwa ba ta amsa gaisuwata sai na maimaita.

Yanzu uku saura kwata.
Fanka ta tsaya, batirin mota ya karɓa,
ƙaramar jar fitila tana ƙifta ido.
Wasiƙa bakwai ce a ƙunshin Marwa,
ban karanta ko ɗaya ba.
Ina zaune dai, gumi na bin bayana,
in ji sun tafi, in mayar wa Dudu igiyarta.