Faci na Goma Sha Ɗaya

Rumfata tana bakin titi a Kurna,
tsakanin mai shayi da mai cajin waya.
Taya nake wa faci, ta babur da ta Adaidaita.
Ran Laraba bayan la'asar
sai ga Tasi'u da ƙwallo a hammata,
ta yi laushi kamar tumatirin da ya yi kwantai a 'Yankaba.
Ya ce, "Baba, ta kuma sacewa."

Na tsoma ta a baho,
kumfa ta taso daga gefen facin bara.
Na ƙirga tabo goma a jikinta.
Na ce, "Wannan ai ba ƙwallo ba ce, tsumma ne."
Ya ce, "Tsumman nan yara talatin da huɗu ke bi.
In ya mutu, ka san inda suke komawa."

Na sani.
Na san kangon da ke bayan gidan ƙanƙara.
Can ma tsumma ake bi,
sai dai a hanci ake karawa.
Sholishon da nake liƙe robar duniya da shi,
shi ke ɓalle 'ya'yan mutane daga hankalinsu.
Gwangwani ɗaya, aiki biyu.
Shi ya sa ko alwala zan yi
nake jefa shi a aljihu, don gudun ɓacewa.

Shekara biyu ke nan da Nazifi ya ɗauke min guda.
Na bi shi har lungun Masaƙa, ban cim masa ba,
na dawo ina haki, ina Allah ya isa.
Tasi'u na zaune kan benci, dariya kawai ya yi,
ya ce, "Yaron da ya tsere maka haka,
ya tsallake kwata biyu bai zame ba,
nawa ne. Ka bar min shi, zan ɗan taɓa."

Tasi'u fa bai gama aji uku ba.
Kafinta ne, usur ɗinsa ma na aro.
Amma ba mai taka filinsa
sai ya buɗe littafin makaranta
ya nuna jan biron malam na yau.
Ba ya iya karanta abin da aka rubuta,
launin kawai yake dubawa.

Raga? Gora biyu da igiyar shanya.
Takalmi ƙafa ɗaya, Gwadabe ya sa dama,
Mudan ya sa hagu tunda bahago ne.
Zinaru, ƙanwar Gwadabe, ke riƙe lissafi
da gawayi a katangar firamare,
kuma ko Tasi'u bai isa ya yi mata gardama ba.
Wanda ya yi ashar, zagaye biyar.
Wanda ya ci, ya ba wanda aka ci ruwa
kafin shi ya kai baki ya sha.

Jiya na leƙa.
Nazifi ne a raga, safar hannunsa safar ƙafa ce.
Ya tashi sama ya cafe wata
da ni kaina na riga na ce ta shiga.
Bayan magariba ya zo rumfa, bai yi magana ba,
ya ajiye sabon gwangwani, ba a ko fasa ba,
ya juya da gudu. Gudun nan dai bai canza ba.

Sai dai na ga an sauke bulo a kusurwar gabas,
inda suke bugun kwana.
An ce shaguna za a jera.
Filin yana motsewa kamar riga a ruwan zafi,
yaran kuwa kullum ƙaruwa.

Na goge bakin hujin, na shafa, na hura,
na danna da babban yatsa har ya kama.
Tasi'u ya laluba aljihu.
Na ce, "Mayar da kuɗinka.
Da gwangwanin golanka na liƙe ta.
Ku je ku fasa,
ina nan, na goma sha biyu nake jira."