Yatsa na Goma

Malamar asibiti ta ɗaga biro ta ce,
"Fresia, kalmomi nawa ne a bakin Amaro?"
Na shiga lanƙwasa yatsu,
yatsun da ƙarnin kifi ya yi wa zaman dirshan.
Ruwa. A'a. Mama. Ƙara. Ba ni.
Na kai tara, na tsaya cak.
Yatsa ɗaya ya rage a miƙe
kamar ni yake nunawa.

Shekararsa uku da wata biyu.

"Awa nawa yake yi da waya a yini?"
Na ce biyu.
Ta rubuta biyu, ta leƙo ni ta saman tabarau.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

To malama, sauko gindin Valparaíso da asuba,
inda kwale-kwale ke juye kamun dare.
Wuƙa a dama, kifi a hagu,
da wane hannun zan riƙe yaro
kada ya bi igiyar ruwa?
Ubansa Baltasar yana can tashar jiragen ruwa
yana ɗaga akwatunan ƙarfe har gari ya waye.
Waya ce ta yi mini reno.
Ba ta gajiya, ba ta tsaki,
ladanta caji kawai.

Gidanmu a kan tudu yake, taga na kallon teku.
Ran Lahadi wani jan jirgi yana shigowa a hankali,
Amaro ya ɗora yatsa a gilashi, ya ja shi gefe.
Jirgi bai gusa ba.
Ya sake ja. Ya sake.
Ya ware yatsu biyu wai ya ƙara masa girma.
Sai ya juyo da idon ƙorafi:
teku ta lalace, a gyara masa.

Baltasar ya ce, "Ni ma sai da na shekara huɗu na yi magana,
ga shi yau roƙona kike in yi shiru."
Muka yi dariya.
Tsakar dare na farka na gan shi zaune,
hasken tasa wayar ya wanke masa fuska,
yana neman abin da ke ɗaure harshen yaro.

Ba zan ce dabarata ce ba.
Ran Laraba wayar ta suɓuce cikin bokitin ƙanƙara,
ta yi fari, ta yi baƙi, ta mutu.
Kwana uku Amaro na birgima a ƙasa.
Ga shatin haƙoransa nan a damtsena.
Maƙwabciya ta ƙwanƙwasa bango har ta gaji.

Rana ta huɗu muna hawa gida,
matakala ɗari da sittin, kwando a kafaɗata,
sai ga wani karen titi mai kunne ɗaya
kwance a tsakiyar hanya, ruwan sama ya jiƙa shi.
Amaro ya tsuguna.
Ya miƙa yatsan nan nasa, zai ja shi gefe.
Kare ya lashe yatsan.

Yaro ya dubi yatsa, ya dubi kare,
ya daɗe yana duba.
Ya ce, "Kare."
Na ajiye kwando.
Na lanƙwasa yatsan da ya rage,
na dunƙule hannu, na ƙi buɗewa har ƙofar gida.

Ran Juma'a na sayi wata wayar, ta hannu,
don masu gidajen abinci ta nan suke cinikin kifi,
kuma kuɗin haya bai san kalma ta goma ba.
Tana saman firji yanzu.
Ya san inda take.
Idan ta yi ƙara, mu biyu muke ɗaga kai tare,
ni da shi,
kuma sau da yawa nawa hannun ne
ke rigan nasa miƙewa.