Lemon Kakan Lachlan

Shekara goma sha shida ina bayan wannan taga,
a makarantar da ke kallon kogin Murray,
garin Mildura, inda gonakin lemo ke miƙe har ido ya gaji.
Da an buga ƙararrawa sai su ɓarko
kamar awakin da aka kwance daga turke,
kowa da sulallansa masu ɗumin tafin hannu.
"Misis Noelene, soyayyen dankali!"
"Misis Noelene, jar alewa!"
Ni kuwa in miƙa, in karɓa, in ce sai gobe.

Wata Laraba takarda ta sauko daga ofis:
a rage mai, a rage sukari, a sa ganye a gaba.
Na jera karas a faranti kamar sojoji,
na yanka kokwamba sirara,
na goge tuffa har ina ganin fuskata.
Ko kallo ba su samu ba.
Da yamma kajin maƙwabciyata suka sha biki.

Mako uku kaji na ƙiba,
ni ina ramewa.

Lachlan ne, ɗan aji biyu mai giɓi a gaba,
ya tsaya yana leƙen kwandon da kowa ke wucewa.
Ya ɗauki lemo ɗaya, ya juya shi,
ya ga ɗan tambarin da ke manne a ɓawo,
sai ya ƙwala ihu har tsuntsayen rufi suka tashi:
"Na gonar kakana ne!
Ni na riƙe masa tsani ran da aka tsinko!"

Kafin ka ce kwabo layi ya karkata.
Tahlia ta ce a ba ta na kakan Lachlan.
Minh ya ɓata rai, wai uwarsa ma tana noma kankana,
don me ba a kawo tata ba?

Ashe ciki kurma ne in ana wa'azi,
amma kira sunan wanda ya sani, ka ga ya waiwaya.

Yanzu da sassafe nakan ɗauki alli in rubuta:
Inabin babar Anjali.
Tumatirin 'yan aji huɗu, daga bayan ɗakin karatu.
Masarar da Mista Petrakis ya kawo a bayan motarsa,
da laka a takalmi, yana ba da haƙuri.

Ba zan yi muku ƙarya ba,
ran Juma'a har yau ina soya dankali,
kuma Declan ya rantse shi da koren abu sai a lahira.
Na bar shi. Ba a yi wa tsiro gaggawa.
Jiya dai na hango shi a bayan famfo,
ya juya baya,
yana lasar ruwan lemo daga gwiwar hannu.

Na rufe taga, na share ɓawo.
Har na isa gida
yatsuna suna ƙamshin gonar da ban taɓa takawa ba.