Filin Tasallah

Shekara ashirin da ɗaya ina ɗora bulo kan bulo a Ikko.
Hannun nan ya tayar da benaye a Lekki
waɗanda yau ko maigadinsu ba zai bar ni in leƙa ba.
Ni kuwa ɗaki ɗaya nake haya a Agege,
bayan layin dogo, inda jirgi ke kaɗa mana kwanuka.

Jiya na dawo da siminti a gashin ido,
gosulo ya cinye min magariba a Oshodi,
na tarar da Tasallah ta duƙufa kan kwamfutar makaranta,
wadda ake ba su aro ran Juma'a, su mayar Litinin.
Ta ce, Baba, zo ka ga filina.
Na ce, fili? A garin nan? Wa ya sayar miki?
Ta ce, nan ba dillali, ba lauya, ba 'yan omo-onile.

Sai ga wata 'yar tsana mai ɗankwali ruwan goro
tana taku a cikin gilashi. Wai ita ce.
Wai da safe a nan suka yi darasi:
malaminsu ya mayar da su kamar ƙwayar gero,
suka bi hanyar jini har cikin zuciyar mutum,
ita da Mojisola da wani yaro daga Kisumu
wanda bai taɓa rataya a ƙofar danfo ba.
Ta ce zuciya ɗaki huɗu gare ta.
Na ce, to, ta fi ubanki.

Ta yi dariya, ta matsa gaba.
Jar katanga. Zaure. Rumbu biyu.
Na aje kofin shayi.
Gidanmu ne na Auyo, wanda ruwa ya ci
shekara uku kafin a yanka mata rago.
Ashe hirar da nake yi in an ɗauke wuta
tsintar ta take, tubali bayan tubali.

Magini ba ya ganin karkata ya yi shiru.
Na ce zauren nan gabas yake kallo.
Tubali ba shi da kusurwa irin ta bulo, tumbi gare shi.
Ina indararo? Ina kan azara?
Rijiya bayan darbejiya take, ba gabanta ba.
Ta taɓa, katanga ta juya.
Ba lebura, ba kwaɓi, ba ciwon ƙugu.
Aikin wata guda, shayina bai huce ba.
Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye ba.

Da muka iso ɗakin Inna sai ta ce,
ƙofar wane launi ce?
Na buɗe baki.
Shuɗiya? Koriya?
Ƙofar da na tura sau dubu da ƙafa, hannu riƙe da tuwo.
Ta dube ni, ta ce, a bar shi a buɗe tukuna.

Na tambaye ta ƙamshin ƙasa bayan yayyafi.
Ta ce ba a kai nan ba, Baba.

Sai Nepa suka yi halinsu, batir ya bi baya,
janaretocin maƙwabta suka ɗau tari.
Cikin duhu na ce, shi ke nan, ya sake tafiya?
Ta ce yana nan, a gajimare ake ajiye shi.
Na ce, gajimaren da ya rushe na farkon?

Yau da asuba, a tsakiyar doguwar gada,
ruwa hagu, ruwa dama, kwandasta na rigimar canji,
sai ta faɗo min: koriya ce,
da ƙusa a sama inda Inna ke rataye faifai.
Na ari biro wurin na kusa da ni,
na rubuta a tafin hannu
kafin siminti ya rufe.